Yadda Muka Ɗauki Amon Gangar Noma a Situdiyo

Mawaƙin da ya kawo mana aikin bai tsawaita bayani ba. Yana da waƙa a kan noma, kuma ba ya son gangar da ke cikin fiyano. So yake a kawo makaɗi na gaske da gangar noma ta gaske, a ɗauke ta yadda mai sauraro zai ji nauyinta a ƙirjinsa. Irin wannan buƙata ba ta cika zuwa situdiyoyin Kano ba, domin tun da fiyano da kwamfuta suka karɓe kiɗan waƙoƙin zamani, yawancin ɗakunan ɗaukar sauti an tsara su ne don murya kaɗai: ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, makirufo ɗaya, da tagar gilashi da ke tsakanin mawaƙi da mai kula da na'ura. Namu situdiyon ma haka yake, don haka tun kafin makaɗin ya iso na san cewa yawancin aikin zai ƙare ne kafin a taɓa kwamfuta.

Da farko mawaƙin ya yi maganar tambari, saboda a kunnen Bahaushe babu abin kiɗan da ya kai shi zurfin amo. Amma tambari kayan sarauta ne, ba a buga shi sai don sarki, kuma ba abu ne da ake ɗaukowa a sa a bayan mota a kai situdiyo ba. Saboda haka muka tsaya a kan ganga. Makaɗin da aka samo mana dattijo ne daga wani ƙauye a yammacin Kano, ya zo da babbar ganga mai fuska biyu, an rufe ta da fatar akuya, an ɗaure ta da tsarkiya daga wannan fuska zuwa waccan. A kan fatar da yake bugawa akwai wata siririyar tsarkiya a gicciye, wadda ita ce ke ba ganga zizar da ake ji a bayan kowane bugu. Yana rataye ta a kafaɗa, yana bugawa da gula mai lanƙwasa a hannun dama, yatsun hagu kuma suna taɓa fatar suna sauya mata murya.

Mawaƙin ya so a shiga ɗakin murya a fara aiki nan take, sai na ga gara in bar shi ya ji da kunnensa abin da ɗakin zai yi wa gangar. Muka tsayar da dattijon a tsakiyar ɗakin, muka ɗauki ɗan guntun kiɗa, muka kunna. Abin da ya fito daga lasifika ƙaramin sauti ne busasshe, mai ƙarar gula da ziza, amma babu ko kaɗan daga nauyin da muka ji lokacin da ya gwada ta a tsakar gida. Da na duba ma'aunin sauti a kwamfuta, sai na ga asalin muryar gangar tana wajen Hz 85, wato fatar tana kaɗawa kimanin sau 85 a cikin daƙiƙa ɗaya. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, yana ɗan ƙara sauri idan ana zafi, don haka tsawon igiyar sauti guda ta wannan murya ya kai mita 4. Faɗin ɗakin muryarmu kuwa mita 2 ne, wato rabin wannan tsawo daidai. Idan haka ta faru, sautin da ya bugi bango ya dawo yakan haɗu da wanda ke tafiya, su ƙarfafa juna a jikin bangon biyu, su kashe juna a tsakiya. Abin ya yi kama da ruwa a cikin ƙwarya idan aka jijjiga ta: yana hawa yana sauka a gefe da gefe, tsakiyarsa kuwa kusan ba ta motsi. Mun tsayar da ganga da makirufo a daidai inda muryarta ke mutuwa. Na ce wa mawaƙin ya shiga ya jingina da bango yayin da dattijon ke bugawa, sai ya ji ɗakin yana gurnani har ya yi yawa, ya matso tsakiya kuma ya ji an ɗauke shi. Bayan wannan bai ƙara maganar ɗakin murya ba.

Soson bango ba ya maganin wannan matsala, ƙara ta ma yake yi. Soso mai kaurin santimita 5 yana shanye sautuka masu kaifi ne kawai, amma igiyar da ta kai mita 4 ratsa shi take yi ta bugi siminti ta dawo kamar babu komai a wurin. Kafin abu mai laushi ya shanye irin wannan murya sosai, sai kaurinsa ya kusanci kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar, wato kusan mita guda. Sakamakon haka ɗakin soso yana cire wa ganga iskar da ke nuna girmanta, ya bar mata gurnanin da ba shi da tsari. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ma bai kai soson amfani ba.

A ƙasan benen da muke haya akwai wani babban ɗaki da mai gidan ke ajiye kaya, tsawonsa ya kusa mita 9, faɗinsa mita 5 da rabi, rufinsa na kankare ne mai tsawon mita 3 da rabi. Muka roƙi aronsa, ya amince. A babban ɗaki muryoyin da bango ke ƙarfafawa suna da yawa kuma suna kusa da juna, saboda haka babu guda ɗaya da ke danne saura, sannan akwai tazarar da za a ja makirufo baya. Fitar da ganga daga ɗakin ɗauka zuwa wuri mai faɗi tsohuwar dabara ce a wannan sana'a. Misalin da masu aikin sauti suka fi ambata shi ne na shekarar 1971, a wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila, inda injiniya Andy Johns ya sa aka ajiye gangunan John Bonham, makaɗin ƙungiyar mawaƙa ta Led Zeppelin, a zauren da matakalar bene take, ya rataye makirufo biyu ƙirar Beyerdynamic M160 a sama, nesa da gangunan, sannan ya matse sautin da ƙarfi ya ƙara masa amsa-amo na na'ura. Har yau ana kwatanta girman amon ganga da abin da ya fito daga wannan zaure, alhali babu makirufo ko ɗaya da ke manne da fata. Abin da na ɗauka daga wannan labari shi ne cewa kunne yana gane girman abu ne daga yadda wuri ke amsa masa, don haka wanda ya ɗauki fata kaɗai bai ɗauki wuri ba, ƙaramar ganga zai samu komai girman wadda aka kawo masa.

Kafin a shigar da makirufo sai da muka gyara ɗakin, kuma wannan ya ci lokaci fiye da yadda mawaƙin ya zata. Dattijon ya riƙa bugawa a hankali, ni kuma ina zagayawa ina neman abin da ke amsawa. Gilasan taga suna karkarwa, muka cusa musu takarda. Ƙofar ƙarfe tana ziza a wajen sakata, muka tokare ta da tsumma. Akwai wasu tukwanen alminiyam da fallayen kwano a cikin kayan mai gida, muka fitar da su gaba ɗaya. Buhunan hatsi da katifu kuwa muka bar su, muka tara su a kusurwa biyu, domin a kusurwa ne sautin ƙasa ya fi taruwa, kuma tarin abu mai kauri a nan yana rage tsawon gurnani ba tare da ya kashe ɗakin ba. Daɓen siminti ne, muka shimfiɗa darduma ɗaya kawai a inda makaɗin zai tsaya saboda motsin ƙafarsa, sauran muka bar shi a fili.

Sai maganar wuta, wadda duk mai ɗaukar sauti a Najeriya ya san ta. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa ne a Hz 50, kuma idan waya ba ta da kyau ko janareto na aiki, gunjin Hz 50 da ninkinsa na 100 da 150 yakan shiga cikin abin da aka ɗauka. Idan murya ake ɗauka, ana iya yanke wannan gunji daga baya ba a rasa abu mai yawa ba, amma muryar ganga kusa da wannan gunjin take zaune, duk wuƙar da ta yanki gunjin sai ta yanki gangar. Ban da haka, jijjigar janareto tana bin ƙasa ta hau sandar makirufo. Muka kashe janareto, muka ɗora komai a kan inbata da batir, muka kashe fanka, muka kuma tsayar da lokacin aiki bayan sallar isha'i, lokacin da zirga-zirgar babura da Keke Napep ta ragu. Tun da rana mun shaida wa maƙwabta cewa za su ji ganga da dare, kuma ba za mu wuce ƙarfe 11 ba.

Ɗaurin fata shi ne inda na fi daɗewa tare da dattijon, kuma a nan ilimin nasa ne ba nawa ba. Lokacin hunturu ne, iska a bushe take, fatar ta ɗame ƙwarai har muryar ta ɗaga sama fiye da yadda muka auna ta da farko. Da damina akasin haka ake fama da shi, fata takan saki, shi ya sa ake ganin makaɗa suna shanya ganga a rana ko suna kanga ta a wuta kafin su fara. Na ce masa, "Baba, ko za a iya ɗan saukar da ita ƙasa?" Bai taɓa tsarkiya ba tukuna, sai ya jiƙa tafin hannunsa da ruwa ya shafa fatar gaba a hankali, ya jira, ya buga, ya sake shafawa. Muryar ta sauka, amma ya gargaɗe ni cewa akwai iyaka, idan aka wuce ta fatar za ta daina amsawa, sai dai a ji faf-faf babu amo. Mutane da yawa suna zaton sakin fata shi ne zurfi, alhali zurfi yana buƙatar murya mai ɗan tsawon rai, wadda za ta ci gaba da kaɗawa bayan gula ta tashi. Fatar baya ma tana da nata aiki, domin iskar da ke cikin gangar ita ce ke haɗa fatun biyu. Idan ɗaurinsu ya yi kusa da juna sukan taimaki juna amon ya daɗe, idan ya yi nisa kuma amon ya gajarta. Ya bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja yana saki, yana ƙwanƙwasa gefen fatar da yatsa a zagaye har ko'ina ya zama murya ɗaya. Da ya gama, gangar ta tsaya wajen Hz 87, wanda ya yi daidai da muryar F ta ƙasa a fiyano, kuma da yake waƙar a kan F aka gina ta, ban nemi a ƙara taɓa komai ba. Abin da ya rage shi ne sa ido, domin busasshiyar iska tana mayar da fatar sama a hankali, don haka duk bayan ɗan lokaci sai ya sake shafa mata ruwa, ni kuma in duba ma'auni.

Zizar tsarkiyar gaba ta jawo ɗan ja-in-ja. Ni na ga tana cika makirufo, shi kuma ya ce ganga ba ta cika ganga ba idan babu ita, kuma gaskiyarsa ce, domin idan aka cire ta babu Bahaushen da zai gane kiɗan noma ne. Muka daidaita a kan ya ɗan sassauta ta yadda za ta amsa idan ya buga da ƙarfi, ta yi shiru idan ya taɓa a hankali.

Ƙarfin hannu shi ne abu na gaba. Na ce masa, "Baba, don Allah a ɗan sassauta hannu." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu a gona muka saba, inda sai ka sa ƙarfi kafin na can ƙarshen gona ya ji ka." A fili hakan daidai ne, amma a gaban makirufo bugu mai tsanani yana ƙara ƙarar gula da ƙananan muryoyin sama fiye da yadda yake ƙara asalin muryar ƙasa, sannan yana ɗame fatar na ɗan lokaci har muryar ta ɗaga. Ƙarar sauti kuwa ba matsalata ba ce, ina da maɓallin ƙara ta. Bugu matsakaici a tsakiyar fata shi ne ke motsa fatar gaba ɗayanta ta tura iska mai yawa, bugun gefe kuma yana fitar da muryoyi masu kaifi. Na sa masa hedifon ya ji bambancin da kansa, kuma daga nan bai buƙaci a sake tuna masa ba. Shi ne ma ya kawo shawarar a naɗa ɗan ƙyalle a kan gular, abin da ya tausasa farkon bugun ya bar nauyinsa.

Wurin da makaɗin zai tsaya da kunne muka neme shi. Ya riƙa tafiya a ɗakin yana bugawa, ni kuma na toshe kunne ɗaya ina saurara, domin makirufo kunne ɗaya gare shi, ba ya iya tace amsawar bango yadda kunnuwa biyu da ƙwaƙwalwa ke yi. Mun guji tsakiyar ɗaki, mun kuma guji tazarar mita guda daga kowane bango, saboda sautin da ya je bangon ya dawo ya yi tafiyar ƙarin mita 2, wato rabin igiyar, zai iso a juye ya rage muryar da muke nema. Muka tsaya a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin, fuskar gangar tana kallon ɓangare mai nisa. Da yake gangar a kafaɗa take, kuma makaɗin noma ba ya kiɗa a sandare, na zana masa da'ira da alli a kan dardumar, na roƙe shi ya yi rangajinsa a cikinta. Zama a kujera bai yiwu ba, domin da ya gwada sai gangar ta kwanta a cinyarsa, jikin icen ya daina amsawa.

Makirufo na farko AKG D112 ne, wanda aka ƙera musamman don babbar gangar ƙafa ta Turawa, na sa shi a fuskar baya, kimanin taƙi ɗaya daga fatar, ba a tsakiya sosai ba. A baya babu gula, babu ziza, sai tsantsar iskar da fatar ke turawa. Makirufo mai sauraron gaba kaɗai yana ƙara nauyin ƙasa idan aka matso da shi kusa da abu, kuma wannan yana da amfani, amma idan ya matso fiye da kima wani ɗan yanki na fatar kawai yake ji. A fuskar gaba na sa Shure SM57, daga sama a karkace, inda gula ba za ta same shi ba. Shi ba ya kama sautin ƙasa sosai, kuma ba don haka na sa shi ba. Aikinsa shi ne ya kama bugun gula, da zizar tsarkiya, da maganar yatsun hagu.

A nan akwai tarkon da ke cinye zurfin ganga mai fuska biyu. Lokacin da gula ta tura fatar gaba ciki, tana nisantar makirufon gaba ne, a daidai lokacin kuma fatar baya tana fitowa waje tana kusantar nata makirufon. Ɗaya yana jin iska ta ja baya, ɗaya yana jin ta taho, idan aka haɗa su sai su rage juna, kuma muryar ƙasa ce ta fi shan wahala. Kowane makirufo idan aka saurare shi shi kaɗai lafiya lau yake, sai an haɗa su gangar ta rame. Maganin maɓalli ɗaya ne, wanda ke juya fuskar sautin ɗaya daga cikinsu, kuma yana nan a kusan kowace manhajar haɗa sauti. Na haɗa su a lasifika ɗaya, na danna na saki, na tsaya a inda gangar ta fi kauri, sannan na ɗan matsar da na bayan gaba da baya har kaurin ya cika.

Makirufo biyu na ɗaki su ne suka ba da girman. Masu kama sauti daga nesa ne, irin waɗanda muke ɗaukar murya da su, na ja su kimanin mita 4 daga gangar, na ware su hagu da dama. Da farko suna tsaye daidai kai, sai na riƙa saukar da su, kuma duk saukarwa nauyi na ƙaruwa, har suka tsaya ƙasa da gwiwa. Dalili shi ne kusa da daɓe sautin da ya zo kai tsaye da wanda ya taɓa ƙasa ya taso suna isowa kusan tare, sai su ƙarfafa juna maimakon su yi saɓani. Kowace mita guda tana jinkirta sauti da kusan milisakan 3, wato kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, don haka na ɗakin suna jin bugu bayan na kusa da kimanin milisakan 12. Wasu sukan ja su a kwamfuta su daidaita su da na kusa. Ni ban yi haka ba, domin wannan ɗan jinkirin shi ne ke shaida wa kunne cewa akwai fili tsakanin ganga da bango; na dai tabbatar cewa idan an haɗa su duka a lasifika ɗaya ƙasan bai ragu ba.

Na kuma gwada tsohuwar dabarar mayar da lasifika makirufo, wato a ɗauki lasifika mai inci 8 a haɗa wayoyinta da mashigar makirufo, a ajiye ta a bayan ganga. Faifanta yana da nauyi, ba ya amsa komai sai sautin ƙasa, kuma abin da take fitarwa yana da ƙarfi, sai an rage shi kafin ya shiga na'ura. Ta yi aiki, amma a kan wannan gangar ba ta kawo abin da na bayan bai riga ya kawo ba, sai ɗan ƙarin gurnani a bayan bugu. Na ɗauke ta a layinta daban, daga baya kaɗan ƙwarai na yi amfani da ita.

Na saita ƙarfin shiga yadda bugu mafi tsanani ba zai wuce desibel 12 ƙasa da iyaka ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), domin makaɗi idan kiɗa ya yi masa daɗi hannunsa ƙaruwa yake yi, kuma bugun da ya fashe a wajen ɗauka ba ya gyaruwa. Ƙwanƙwasar kwamfuta mai riƙe lokaci ba ta karɓe shi ba ko kaɗan, ta sa kiɗan ya sandare. Sai muka cire ta, mawaƙin ya tsaya a ɗakin murya yana rera waƙar, dattijon yana jin sa ta hedifon yana bin sa yadda ya saba bin mawaƙi, daga baya aka ɗora sauran kayan kiɗa a kan gangar. Na roƙe shi abu ɗaya game da salon: a baitocin da muke son nauyi ya fito, ya rage yawan bugu. Muryar ƙasa tana buƙatar lokaci kafin ta buɗe ta lafa, idan bugu na biye ya riske ta kafin ta gama, sai su cakuɗe su zama guguwa.

Da aka zo haɗawa, ikwalaiza, wato na'urar da ke ƙara ko rage wani yanki na sauti, ba ta yi aiki mai yawa ba. Na yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 40, domin gangar ba ta da komai a can, sai rugugin mota da motsin ƙafa da ke cin wuri a banza. Ban ɗaga Hz 50 ko 60 ba, duk da cewa nan ne hannun masu haɗa sauti ke fara zuwa idan an ce a ƙara bes, wato sautin ƙasa, saboda ikwalaiza ba ta ƙirƙirar abin da babu shi. Na rage desibel 3 a wajen Hz 400 a makirufon baya, inda sautin ke yin kamar a cikin akwati, kuma da wannan ya tafi sai ƙasan ya bayyana da kansa. A makirufon gaba na cire ƙasan gaba ɗaya, na bar masa gula da ziza.

Kwamfiresa, wato na'urar da ke matse tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni, tana iya girmama ganga, tana kuma iya ƙanƙanta ta. Idan ta kama da sauri ƙwarai, farkon bugun take cinyewa, gangar ta koma baya. A makirufon kusa na jinkirta kamunta zuwa milisakan 30, da matsi na 4 bisa 1, ta bar bugun ya wuce sannan ta riƙe abin da ya biyo baya. Na ɗakin kuwa na matse su da ƙarfi, na saita sakinta yadda amsawar ɗakin za ta taso ta cike tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ta lafa daidai lokacin da na gaba zai sauka. A nan ne mawaƙin ya miƙe tsaye daga kujerarsa. Na ɗora wannan matsattsen sauti a ƙarƙashin wanda ba a matse ba, ina ɗaga shi a hankali har ɗakin ya bayyana amma bai rufe muryar mawaƙi ba. Ban ƙara amsa-amo na kwamfuta ba ko kaɗan.

Matsalar da ta rage ita ce ta mai sauraro. Mafi yawan waɗanda za su ji wannan waƙa a waya za su ji ta, kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da Hz 87 yadda za a ji shi. Kayan kiɗa masu tsirkiya, irin su garaya ko gurmi, suna da sauƙi a nan, domin muryoyinsu na sama ninki ne na asalin muryar, sau biyu, sau uku, sau huɗu, kuma idan kunne ya ji waɗannan ninki yakan cike asalin da kansa ko da babu shi. Fatar ganga ba haka take ba, muryoyinta na sama ba sa faɗawa a kan cikakken ninki, shi ya sa ganga ke ɓacewa a waya fiye da sauran kaya. Sai na kwafi layin makirufon baya, na bi da shi ta manhajar da ke ɗan ƙona sauti irin yadda tsofaffin na'urori ke yi, wadda ke haifar da ninki a wajen Hz 174 da 261 da abin da ya yi sama, na haɗa shi kaɗan a ƙarƙashin na asali. A manyan lasifika kusan ba a lura da shi, amma a waya shi ne ya sa gangar ta tsaya da ƙafarta.

Bes ɗin fiyano ya zo ya zauna a daidai inda gangar take, duk lokacin da suka haɗu sai su dagula juna. Mai kiɗan fiyano ya so a rage gangar, ni kuma na ga tunda don ita aka yi duk wannan wahala, ita ya kamata a bar wa wurin. Muka cire bes ɗin gaba ɗaya a baitoci, a amshi kuma ya koma buga dogayen muryoyi kaɗan a tsakanin bugun ganga. Kalangun da aka ƙara daga baya bai kawo rikici ba, domin muryarsa a sama take, kaifinsa ma ya ƙara fito da zurfin gangar.

Na yi hukuncin ƙarshe a matsakaicin ƙara, saboda kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin ƙasa sosai idan ƙara ta yi rauni, kuma yana jin sa da yawa idan ta yi ƙarfi, abin da Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna suka wallafa tun 1933. Wanda ya haɗa waƙa lasifika na tsawa zai ga bes ya ishe shi alhali bai isa ba, wanda ya haɗa a raɗa kuma zai zuba fiye da kima. Lasifikan situdiyonmu masu inci 5 ne, ba su da cikakkiyar gaskiya a ƙasa, don haka na bi da waƙar ta hedifon, da mota, da ƙaramar lasifikar Bluetooth, da wayoyi iri-iri, har da kwafin da aka tura ta WhatsApp, tunda ta nan za ta fi yawo. A mota ƙofofi sun ɗan yi karkarwa a wajen amshi, sai na rage desibel 1 da rabi daga layin lasifikar da muka mayar makirufo. Mawaƙin ya nemi a ƙara nauyi saboda masu kiɗan biki da manyan akwatunansu, sai na fitar masa da kwafi biyu, ɗaya na waya da rediyo, ɗaya na fili wanda ba a matse shi sosai ba. Layukan gangar guda biyar kuma na adana su daban ba tare da wani gyara ba, tare da hoton inda kowane makirufo ya tsaya da awon tazararsa, domin mawaƙin ya riga ya yi magana da dattijon a kan wasu waƙoƙi biyu da za a ɗauka da damina, lokacin da fatar za ta buƙaci wuta maimakon ruwa.